Taken Ɗan Ilu

Ni ba na son a tausaya mini. Wanda zai ce mini "sannu Hudu" da muryar nan ta gaisuwar mutuwa, gara ya zage ni, na fi sanin yadda zan yi da zagi. Shekara biyu ina shan wannan sannun a kasuwar Bukkuyum, tun ranar da ramin zinari ya rufta da mu a dajin Anka, dutse ya danne mini hannun dama. Yatsu biyu sunka tafi, ukun da sunka rage sunka sandare. Mutane sun san na ji ciwo, amma ba su san iyakar ɓarnar ba, don kullum hannun yana cikin aljihu. Inna ta sani, sai Mu'awiya da ya tono ni.

Hannun nan kuwa ba na cin tuwo kaɗai ba ne. Ɗan dambe ne ni, ɗan mahauta, da shi na kashe maza goma sha tara a fage. Kisa a wurinmu ba na kabari ba ne. In gwiwar mutum ko tafinsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi, wasa ya ƙare. Hannu ɗaya ake naɗewa da tsumma da zare, shi ne mashi. Ɗayan a buɗe yake a gaba, garkuwa, ba a naushi da shi. Mashina ne ya mutu. Ko da ba su ga hannun ba, ai an gama da ni, in ji mutanen gari.

Kowane ɗan dambe da takensa, kiɗan da kalangu ke kiransa da shi. Nawa na gado ne. Tanko makaɗi ya tsara wa babana tun ba a haife ni ba: "Sara ɗaya, Ilu, a kwashi nama." Da Allah ya yi wa Baba rasuwa sai ya dawo kaina, anka ƙara kalma ɗaya tal, ya zama ɗan Ilu.

Da kakar bara anka kafa dambe a filin bayan gidanmu. Inna tana sheƙar gero a tsakar gida, ina zaune ina kallonta, sai kalangu ya ɗauko taken. Wallahi na ga fuskarta ta washe kamar yarinya. Ta tsaya da ƙwarya a hannu tana jiran sunan mijinta. Sai muryar Tanko ta ƙetaro katanga: "Sara ɗaya, ɗan Shitu."

Namadi ɗan Shitu, mutumin Gummi. Mutumin da na kashe sau biyu, na biyun sai da anka zuba masa ruwa kafin ya gane garinsu. Inna ta aje ƙwaryar, ta shiga ɗaki, kaji sunka hau geron. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba.

Da safe na iske Tanko a ƙofar gidansa yana gyaran tsarkiyar kalangu. Na gaishe shi, don tsoho ne, ko da yake ba gaisuwa ce ta kawo ni ba.

"Baba Tanko, wa ya ba ka izinin cire sunan ubana?"

Ko ɗago kai bai yi ba. "Hudu, ni a fage nika ci. Kaka biyu ba ka shiga ba. In ta buga ma mutumin da ke zaune gida? Namadi ya kashe mutum bakwai bana, take ya dace da shi."

"Ka tsara masa nasa mana. Ko basirar ta ƙare?"

Nan ya ɗago. "In kana son abinka, shiga ka amsa. Ka kashe shi, in maida maka a gaban jama'a." Sai ya kalli aljihuna, ya yi ƙasa da murya. "Amma ka yi ma kanka faɗa, ɗana. Sannu dai."

Sannun nan ce ta ƙarasa ni. Na ce masa ya tsare mini Namadi zuwa damben Gummi na kaka mai zuwa.

Mu'awiya mutumin Kaduna ne, zinari ya kawo shi ƙasarmu, da rami ya kusa cinye mu ya koma kabu-kabu. A can garinsu ya yi shekaru a gidan koyon damben zamani, irin na hannu da ƙafa da gwiwa wanda samari ke kallo a waya ana yi cikin keji. Dā ina yi masa tsiya, ina ce masa faɗan jakai. Ranar na je na same shi a tasha, na ce ina son faɗan jakai.

Ya yi dariya har ya kusa faɗowa daga babur. Da ya ga ban yi ba, ya ce, "Tsaya mini yadda kuke tsayuwa."

Na tsaya: ƙafar hagu can gaba, jiki a karkace, garkuwa a miƙe, mashi a baya. Ya zagaya ni sau biyu kamar mai tayin rago.

"Duk haka kuke tsayawa?"

"Tun kakanni."

"To kun bar cinya a waje kamar an shanya ta. Wa ke gadinta?"

Na ce ba mai gadi, don ba mai nemanta. A dambe an yarda da shuri, amma kai ake nema ko ƙirji, da tafin ƙafa. Wanda ya shuri mutum a cinya dariya za a yi masa, a ce tsoron kusantowa yake. Mu'awiya ya ce in tsaya da kyau. Ban ga tasowar ƙafarsa ba, na dai ji kamar an maka mini taɓarya. Na ce ban ji komai ba. Ƙarya nake, kwana uku a zaune na yi salla.

Munka rataye buhun yashi da ƙaiƙayi a reshen tsamiya bayan injin niƙa. Kullum bayan sallar asuba, kafin ya fita neman fasinja. Wata na farko ko shuri bai bar ni na yi ba, juyi kawai. Ka taka da ƙafar hagu a ɗan karkace, ka ɗaga dunduniya, ka juya a kan yatsu, ƙugu ya biyo. Ya ce ƙafa ba ta da ƙarfin kanta, ƙugu ke jefa ta. Kuma ba da tafi ake bugu ba, da ƙwauri, tsawon yatsu huɗu sama da gwiwar mutum, ta waje, inda naman ke da jijiya. Ka fitar da numfashi lokacin da ya sauka. Ka dawo da ƙafar da sauri kamar ka taka garwashi.

Na zage shi ya fi a ƙirga. Ƙwaurina ya kumbura, ya yi baƙi, fata ta saɓule. Inna ta riƙa gasa mini da ruwan zafi tana shafa man shanu, ba ta taɓa tambayata abin da nake yi ba. Ranar da na fasa buhu na farko, yashi ya zubo mini a ƙafa, Mu'awiya ya ce, "Yanzu saura hannun."

"Hannun ya mutu, kai ka tono shi."

"Ni da kai munka sani. Namadi fa? Mutumin da abu ya sumar da shi ba ya daina kallonsa. Ka naɗe shi ya fi na kowa girma. Ka motsa kafaɗa kamar za ka sake shi, idonsa zai tafi sama, nauyinsa ya sauka a ƙafar gaba. Lokacin nan cinyar ba ta da wurin gudu."

Wata bakwai muna wannan: kafaɗa, taku, ƙugu. Har ya zama ko tuntuɓe na yi a hanya sai in ji ƙuguna ya juya.

Ranar kasuwar Gummi, bayan la'asar, fage ya cika har kan motoci. Mu'awiya ne ya naɗa mini hannun a bayan wata rumfa. Da yake yatsun ba su dunƙulewa, sai da ya cusa ƙwallon tsumma a tafin ya ɗaure su a kai. Azabar da na sha ba ta faɗuwa, amma da ya gama, dunƙulen ya kai kan jariri.

Ina shiga anka yi tsit, sai gunaguni. Tanko ya ɗauko takena, ya kira ɗan Shitu, Namadi ya fito yana rawa da shi a gabana. Ni ba wanda ya buga mini komai. Na tsaya ina kallonsa. Yana rawa, amma idonsa na kan hannuna.

Turmin farko, wato zagayen farko, na motsa kafaɗa. Ya ƙifta ido, ya ɗaga garkuwa, na sauke masa ƙwauri a cinya. Ƙarar ta fita kamar an bugi buhu. Fage ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Hudu ya koma jaki." Namadi ya juya ga 'yan kallo, ya daki cinyar da tafinsa, ya ƙara miƙo mini ita. Haka al'adarmu take, in an buge ka inda ba ya kisa, dole ka nuna ba ka ji ba, ka ma ba da ƙari. Ni ma haka na yi wa Mu'awiya a tasha. Ya ba ni, na karɓa. Sau huɗu a turmin nan, wuri ɗaya.

Turmi na biyu ya fusata ya sako mashi. Na kauce rabi, rabin ya same ni a kunne. Duniya ta juya, na ji gwiwata tana neman ƙasa. Abin da ya tsayar da ni, kalangun Tanko da ya fara ɗauko taken tun ban faɗi ba. Na ce a raina, wallahi sai dai ka haɗiye shi, tsoho. Na riƙe Namadi da garkuwa har idona ya washe, na ture shi, na ƙara masa uku. A na ukun bai daki cinyar ba, bai kuma kalli 'yan kallo ba.

Da anka raba mu Mu'awiya ya zuba mini ruwa a kai. "Ya fara jan ƙafar. Kada ka yi gaggawa."

Turmi na uku dariya ta ƙare. Namadi ya gane, amma ya makara, kuma bai san wata tsayuwa ba sai wadda ya gada. In ya janye ƙafar, kansa ya matso kusa da mashina, shi kuwa ya san ɗanɗanonsa. Na ga yana lissafi a fuskarsa. Na ja dunƙulen baya sosai, irin jan da na yi ranar da na sumar da shi. Ya runtse ido, ya dafe a ƙafar gaba. Na taka, na juya, na sake duk abin da na tara wata bakwai.

Bai faɗi kamar yadda maza ke faɗuwa ba. Ƙafar ce kawai ta ƙi shi. Ta lanƙwashe a hankali, gwiwarsa ta sauka a ƙasa, yana tsugune yana kallonta kamar ba tasa ba.

Mutanen Gummi sunka taso, wai ba kisa ba ne, ba a taɓa shi da hannu ba. Sarkin dambe ya shigo da sandarsa, ya nuna shaidar gwiwa a rairayi, ya ce, "Wagga ta wa ce?" Sai ya ɗaga hannuna.

Ban tsaya karɓar gaisuwa ba, wurin Tanko na nufa. Ya rataye kalangu yana sosa gemu.

"Hudu, taken nan hwa na hannu ne. Sara ɗaya. Kai ko sara ba ka yi ba."

Mu'awiya ya riƙe ni ta baya, ya ce a kunnena, "Kada ka kwance naɗin nan. In sun gani, ba mai sake jin tsoronsa."

Na sani. Na kama bakin zaren da haƙori na warware, zagaye bayan zagaye, har ƙwallon tsumman ya faɗi ƙasa. Na ɗaga hannun kowa ya gani: yatsu uku a sandare, gurbin biyu. Namadi da ake riƙe da shi ya kalla, ya daɗe yana kallo. Wani a bayana ya fara cewa "sannu," na juya na dube shi, ya haɗiye sauran.

"Baba Tanko, ka ce in kashe shi. Ba ka ce da mi ba. Buga."

Ya buga. Hannunsa ya san hanya, kalangu ya yi magana yadda ya saba. Amma da ya zo wurin suna sai ya tauna shi a cikin gemu, don Namadi na kusa kuma a garinsu muke.

Ashe tun turmin farko Mu'awiya ya kira wayar Inna ya bar ta a buɗe cikin aljihu. Ya miƙo mini. Na kara a kunnen da ke jini, ina jiran kuka ko addu'a.

"Hudu," in ji ta, muryarta ƙalau. "Ban ji sunan ba."

Na ɗora wayar a tafin hannun da ya mutu, tunda riƙewa ba ya yi, na miƙa ta har bakin Tanko.

"Matar Ilu ce," na ce. "Ta ce ba ta ji ba. Maimaita."