Babu Jinin Tunkiya

Mutinta, ma'aikaciyar ɗakin gwaji a asibiti, ta buɗe firji ta tarar babu ko ɗigo a kwalbar jinin tunkiya. A hannunta akwai 'yar tsokar da likita ya tsinko yanzu daga tumbin wata dattijuwa, Ba Lungowe, mai sayar da busasshen kifin kapenta, wadda ta taso tun daga garin Mongu. An sha ɗora matar a kan maganin gyambon ciki bai ci ba. Sai an reni ƙwayar cutar a faranti kafin a san maganin da zai kashe ta. Ƙwayar kuwa shagwaɓaɓɓiya ce, tana son abincinta da jinin tunkiya, kuma ba ta jiran gobe.

Tumakin da ake kiwo bayan asibiti don ɗibar jini, Ba Siame, shugaban ɗakin gwajin, ya yanka su ranar Asabar a bikin 'yarsa. Kowa ya ci, har Mutinta.

Ta same shi a kujerarsa ta ce za ta haɗa abincin ƙwayar da gwaiduwar ƙwai, wasu wurare sun gwada sun dace.

"Ƙwai?" Ya juya ga sauran ma'aikata. "Ku ji 'yar garin Monze, ta ɗauka kicin muke. In aiko miki da tumatir da albasa?"

Da dariya ta lafa, ya ce ta je ma'ajiyar jini ta karɓo jakar jinin mutum da kwananta ya wuce. Ta ce ƙila mai jinin yana shan magani lokacin da ya bayar, ƙwayar ba za ta tsiro ba. Sai ya tambaye ta, a tausashe, wane wata ne kwantiraginta zai ƙare.

Ta karɓo jinin. Ta zuba a farantai, ta shafa tsokar, ta rufe a tulun renon ƙwayoyi.

Mako ya zagayo faranti fes, kamar an wanke. Ba Siame ya ɗaga shi sama ya ce ai ga shi nan, babu cuta, tsohuwar raki ne da ita. Mutinta ta ce ko a sake ɗauko tsoka. Ya ce ta je ita ta gaya wa likita dalili, da sunanta.

Ba Lungowe na kan benci, inda take wuni tun ranar, ta ɗaure cikinta da zani tamau. Da Mutinta ta ce mata gwaji ya nuna babu komai sai ta durƙusa ta tafa hannu ta yi godiya. Ta daɗe kafin ta iya miƙewa.

"To 'yata, mene ne yake cin cikina?"

Mutinta ta kalli layin da ke bayanta.

"Mama, ki rage barkono," ta ce, ta kira na gaba.