Tulun Tani a Shingen Magama

Kalilu direba ne tsakanin Jibiya da Maraɗi. Shekara biyu cikinsa na ba shi wahala, ya sha kafso har ya gaji. Wani likita a Maraɗi ya ce masa kafson ne ya kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, 'yan da suka rage kuma yunwa suke ji. Ya ce ya nemi laimar kwaɗi irin wadda ake ci, ita ce abincinsu.

To, a cikin gari wa ke sayar da wannan? Sai Tani, matar abokinsa Shawulu, Kiristocin Gangara, da ke tsinko ta kan suri da damina ta shanya. Wata biyu yana zuba ta a miya, ciki ya soma lafawa. Da ya koma neman ƙari, Tani ta ba shi har da mazubin. Su kuwa mutanen can a tsohon tulun burkutu suke ajiyar busasshen abu, wai ƙwari ba sa shiga.

Shekarar da aka fara Shari'a ce. A shingen Magama 'yan sa-kai suka buɗe bayan mota, shugabansu Mahmudu ya sa hanci a tulun, ya ɗago yana kallonsa. Kalilu ya zazzage laimar a kan tabarma, ya yi rantsuwa, ya yi bayanin hanji da ƙwayoyinsa, fasinjoji na ta dariya. Mahmudu ya karɓe makullin mota.

"Baba Kalilu, na yarda ba ka sha. Gidan da ake dafa ta muke nema. Faɗi mai tulun ka kama hanyarka."

Kalilu ya san abin da ake yi wa irin gidan: a fasa tukwane, a taho da matar gida gari a bainar jama'a. Ya ce a bakin hanya ya tsince shi.

Suka zaunar da shi gindin dalbejiya. Azahar ta wuce, fasinjoji suka sauke kayansu suka shiga wata mota. Da la'asar Mahmudu ya sake tambaya, Kalilu ya maimaita maganarsa. Aka fasa tulun, aka watsa laimar a kwata, sannan aka miƙo masa makulli.

"Duk ƙauyen da motar nan ta shiga, za mu ji," in ji Mahmudu.

A mararrabar Gangara Kalilu ya rage gudu, hannunsa dafe da ciki. Ya duba madubi, ya ga babur biye da shi. Ya miƙe hanyar gari.