Agogon da Inna Ta Ba Ni Ajiya

"Miƙo hannunki, Malama," in ji Inna, tana kokawa da maɗaurin agogon da yatsunta da suka kumbura.

Na ajiye jakar littattafan ɗalibaina a bakin ƙofarta, na miƙa. Ta ɗaura min shi, baƙi, mai fuska kamar ƙaramar waya. Ya yi ɗan motsi a fatata, wani koren haske ya kama a ƙarƙashinsa.

"Yauwa. Ke da kike taka ƙafa zuwa makaranta kullum, ke ya dace da shi. Ni ina zan je? Daga gado sai bayi."

Ɗakinta na kallon namu, tsakar gida ce kawai a tsakani. Shekara tara muna haya a gidan tare. Ɗanta ɗaya ne, Auta take ce masa duk da ba shi da wa ba shi da ƙane, yana aikin injiniya a wata ƙasa mai nisa. Shi ya aiko da agogon bayan likita ya ce zuciyarta ta yi rauni. Agogon na ƙirga bugun zuciya da yawan taku, ya aika masa a wayarsa. Da bugun ya ɗan rikice sai wayar ta yi masa ƙara, shi kuma ya kira hankali a tashe. Sau ɗaya har ya baro aiki ya zo ba izini, saura kaɗan a sallame shi. Yanzu kuma ga matarsa da tsohon ciki.

Inna ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta kan waɗannan kaya ba. Ta ce agogo aikinsa faɗin lokaci, amma wannan gulma ya iya. Wayar da Auta ya saya mata, mai shafawa, ta ce ta fi ta saurin fushi, ka taɓa nan ta kai ka can. Shi kuwa Auta mayen agogo ne, yana da su a akwati mai gilashi, har yakan nuna mata su in sun yi kiran bidiyo. Ta taɓa tambayarsa ko mai tsadar cikinsu yana ƙara wa yini awa ɗaya. Ya yi dariya ya ce a'a. Ta ce to ya sayar ya sayi tikitin jirgi.

Na ce mata wannan yaudara ce, ba zan iya ba. Ta ce wata biyu kawai, matar Auta ta sauka lafiya, sai ta karɓi abinta. Ta riƙe hannuna ba ta saki ba sai da na yarda.

Maigidana ne ya fi ni jin haushin abin. Shi mai son na'ura ne, ko fitila zai saya sai ya karanta takardarta. Ya ce wannan agogon likita ne a ɗaure a hannu, kuma na raba tsohuwa da likitanta. Na ce Inna ba yarinya ba ce, ta san abin da take so. Ya ce ranar da abu ya faru ni zan yi bayani.

Haka na riƙa yawo da shi. Auta ya shiga murna. Ina jinsa da yamma ta lasifikar wayarta, yana cewa yau ta yi taku dubu takwas, ina take zuwa haka? Sai ta ce kasuwa, ko gidan wance. Tana faɗa tana kishingiɗe a kan matasai uku, don in ta kwanta sosai numfashi ba ya zuwa. In ya ce a buɗe bidiyo, sai ta ce fuskarta ba ta yin kyau a wannan abin.

Sau biyu na kai ta asibiti aka ƙara mata magani. A hanyar dawowa ta biyu na ce zan kira Auta in faɗa masa gaskiya.

"Ki bari matarsa ta haihu tukuna," ta ce. "In ya zo ya tsaya a kaina, wa zai tsaya a kanta?"

Na bari.

Ranar Talata ce, ina tsakiyar darasin lissafi, maigidana ya kira. Ya dawo ɗaukar wata takarda da ya manta, ya ga labulenta a sake har hantsi, ya yi sallama ba a amsa ba. Ya same ta a zaune a kan kujerarta, carbi a cinya, shayin da na kai mata da safe ko rabi ba ta sha ba. Rai ya riga ya yi halinsa.

Ban san da alli a hannuna ba sai da na fita titi. Babu abin hawa, na kama gudu. Ina daidai wurin mai gyaran takalma wayata ta yi ƙara. Auta ne.

"Anti Malama, don Allah ki taimaka ki duba min Inna. Zuciyarta na bugawa da ƙarfi sosai, na kira wayarta ba ta ɗauka. Ga shi agogon ya nuna kamar gudu take yi."

Na tsaya na dafa bango.

"Auta," na ce, "ba zuciyarta ba ce. Tawa ce."

Bai gane ba. Na maimaita masa, na faɗi sauran. Sai layin ya katse.

Bai samu jirgi ba sai bayan kwana biyu, ya tarar an riga an kai ta makwancinta. Da mutane suka ragu na shiga ɗakin Inna na ajiye agogon a gabansa, na faɗa masa komai, tun daga ranar da ta ɗaura min. Na so ya zage ni. Bai yi ba. Ya tambaye ni tun yaushe ƙafafunta suka kumbura, da me take iya ci, da ko tana yawan ambatonsa. Na amsa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce sati bakwai yana kallon wayarsa kowace safiya yana gode wa Allah, har ya ɗaga zuwansa zuwa ƙarshen shekara tunda ta samu sauƙi.

"Da ban aiko da shi ba," ya ce, "da muryarta zan saurara. Da na ji."

Na ce ni ce da laifi. Ya girgiza kai, amma bai dube ni ba.

Da la'asar na leƙa ta tagarmu. Zannuwanta biyu da ɗankwali na nan a kan igiya tun wankin ƙarshe da na yi mata, ba wanda ya tuna ya kwashe, rana har ta sa sun yi tauri. Auta ya cire su ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ƙoƙarin ninke na farko, gefen ya ƙi daidaita. Ya warware ya sake.