Taku Goma na Burtali

Shekarar da taki ya gagari talaka, Mani, wani manomi a Wagini, ya sa wa burtali ido, wato hanyar shanun da ta ratsa gefen gonarsa. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk saboda kashin shanu, tasa gonar kuwa ta gaji, gero ba ya wuce ƙugu. Ma'aikata sun taɓa zuwa sun kafa turakun siminti don shata iyaka, amma tun daga nan ba wanda ya sake leƙowa. Da ruwa ya sauka, Mani ya tone turke biyu, ya matsar da su taku goma, ya shuka wake. Ya riƙa faɗa wa kansa ai ba shi kaɗai ya yi ba.

Da kaka, Hamidu, Bafillacen da rugarsu ke bayan gari tun kaka da kakanni, ya koro shanunsa zuwa mashaya. Hanya ta matse, shanu suka faɗa cikin waken. Kafin azahar 'yan sa-kai sun taru. A lokacin kowa a tunzure yake, 'yan bindiga sun addabi ƙauyuka, an daina bambance Bafillacen daji da na gida.

Shugaban 'yan sa-kan ya ce, "Malam Mani, nan gonarka ce ko burtali?"

Hamidu ya dubi Mani. Tare suka yi langa suna yara.

"Ga turke nan, ku duba," in ji Mani.

Ya zaci tara za a ci Hamidu. Sai aka ɗaure shi, aka yi masa dukan da hannunsa na dama bai sake moruwa ba. Washegari Mani ya ji ana shirin ƙona rugar, ya hau babur ya faɗa wa matan su fice. Sun tsira da rai, shanu kuwa aka watse da su.

Bayan shekara biyu Mani ya je kasuwar Safana, ya ga Inno, mahaifiyar Hamidu, ta tasa ƙullin kuka a gaba. Da can nono take kawo wa matarsa. Ya so ya kauce, ta riga ta gan shi. Ya durƙusa suka gaisa, ta tambayi yaransa ɗaya bayan ɗaya, ta sa masa albarka don gargaɗin da ya yi musu.

Ya kasa daurewa. "Inno, turakun nan, ni na matsar da su."

"Mun sani, ɗana. Hamidu yana kiwo ya hange ka ranar. Na ce ya kai ka wurin mai gari, ya ce a bar ka, iyali gare ka, shanu sa lallaɓa su wuce."

Mani ya rasa inda zai sa idonsa. Da ƙyar ya tambayi inda suke, ta ce wajen Tsaskiya, Hamidu yana kiwon awakin mutane.

Sau uku yana zuwa ana ce masa ba ya nan. A na huɗu Hamidu ya fito, ya miƙo hannun hagu, ya tambaye shi ya damina.

"Hamidu, ka yafe mini."

"Na ji," in ji Hamidu, ya kora awakin ya tafi.