Katin Mu'allim Garabed

Othman ya sa ɗan tsinke ya zaro haruffan dalma daga layi na uku, ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da su gurabensu. Abdulghaffar, mai maɗaba'ar, yana tsaye a kansa.

"Sa 'sun rasu' kawai. Halas, magana ta ƙare."

"Ya sheikh, ba haka Mu'allim ya ce a rubuta ba."

"Na sani. Turkiyya ƙawar ƙasar nan ce, kuma sun ce ba a yi ba. Ni ne zan ce an yi? Rabin aikinmu na ofisoshin jakadanci ne. Iƙamarka ta zama a ƙasar nan da tasa duk a hannuna suke."

Katin na Mu'allim Garabed ne, tsohon Ba'armenen da ya zo daga Halab, wanda ya koya wa Othman jera haruffa tun bai san alif daga sanda ba. Bana, 1965, shekara hamsin ke nan da aka koro danginsa daga Turkiyya zuwa hamada. Kati ɗari yake so ya aika wa 'yan'uwa a Beirut, da sunan uwarsa da ƙannensa biyu, a ƙasa kuma: an kashe su a hanyar Deir Zor tare da mutanensu. Yanar tsufa ta rufe masa ido, shi ya sa ya damƙa aikin ga Othman.

Othman ya buga 'sun rasu'. Mai iyali shida a unguwar Hindawiyya ba ya jayayya da kafili, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, haka ya yi ta faɗa wa kansa, bai kuma yarda ba.

Bayan la'asar tsohon ya shigo yana lalube, ya zauna a kan bencinsa.

"Yalla, ɗana, karanta mini."

Othman ya karanta sunayen uku. Da ya zo layi na uku sai bakinsa ya faɗi abin da tsohon ya ce a rubuta, kalma ba ta ɓace ba. Kunya ta kama shi har tafin ƙafa.

Garabed ya karɓi kati ɗaya, ya juya bayansa, ya bi shatar haruffan da ɗan yatsa kamar yadda tsofaffin masu ɗab'i suke duba nauyin bugu. Yatsan ya tsaya tun bai kai tsakiyar takardar ba. Ya koma farko, ya sake tsayawa a nan.

"Layin da ka karanta ya fi wannan tsawo."

"Mu'allim, maigida ne ya..."

"Na san Abdulghaffar. Shi bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da ni ba." Ya daidaita katunan a kan tebur, ya ture su gefe a hankali. "Su sun ce wa duniya ba a yi ba. Kai ka ce an yi, amma ni kaɗai ka faɗa wa."

Ya miƙe. Othman ya kai hannu zai kama masa gwiwar hannu kamar kullum. Tsohon ya dafa bango.