Kada a Ba Ikhlas Zaƙi

"Ku gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuta muku, ni da ban karanci aikin asibiti ba."

Nan biron Hamida ya tsaya. Tana zaune a dakalin wani ƙaramin asibiti a Ƙanƙara, littafin makaranta bisa cinya. A ɗakin yara ƙanwarta Ikhlas, 'yar shekara ɗaya da wata biyu, tana kwance da zazzaɓi. Ƙarfe biyu za a sake ɗura mata maganin ruwa mai zaƙi.

Da safe aka ba ta cokalin farko. Kafin rabin awa ta yi amai, gumi ya jiƙe ta, ta yi laushi kamar tsumma. Hamida ta ruga wurin Sista Hajaratu, mai kula da ɗakin.

"Sista, ba ta shan zaƙi. Likitan Katsina ya ce gado ne, hantarta ba ta iya..."

"Ina takardar likitan?"

Takardar tana can ƙauyensu na wajen Faskari, cikin kayan da suka bari ranar da suka fito a guje.

"To, ke ce likitar yanzu? Shekarata sha tara a aikin nan, ban taɓa ganin yaron da sukari ya kayar ba. Sukarinta ne ma ya sauka. Ku jiƙa mata shi ta sha."

Mahaifiyarsu Barakatu ta ja mayafin Hamida. "Ki rufa mani asiri ki yi shiru, kada su sallame mu."

Shirun nan suka yi lokacin ƙaninta Mas'ud. Da aka yaye shi ya fara ramewa, sai kowa ya kawo abin ƙarin ƙarfi: kaka zuma, maƙwabta dabino, asibiti ruwan gishiri da sukari. Yana lanƙwashewa ana ƙara masa, har idonsa ya zama ruwan ɗorawa. Da ƙauna suka kai shi kabari, kuma babu wanda ya nemi gafarar kowa.

Ita ce yau za ta nemi gafara? Hamida ta danna biron har ya huda takardar.

Tun suna gida ta karanta takardar likitan ya fi sau ɗari, ta haddace ta. Yanzu ta rubuta sunan ciwon da Turanci, kalma uku, da manyan baƙaƙe. Ana gadonsa daga uwa da uba. Ban da sukari, zuma, rake, dabino, 'ya'yan itace, da duk maganin ruwa mai zaƙi. Nonon uwa ba ya cutarwa. In ta yi laushi, gulukos zalla. Magani kuwa a daka ƙwaya.

Sai ta yage layin ban haƙurin, ta yage sunanta daga ƙasa. Ta tura takardar cikin katin Ikhlas da ke kan tebur, ta raɓe bayan ƙofa.

Biyu saura kwata Malam Salihu, shugaban asibitin, ya shigo zagaye. Ya buɗe katin, ya karanta, ya fiddo waya ya daɗe yana dubawa. Fuskarsa ta canza.

"Hajaratu, ajiye kwalbar maganin nan. Wane likita ya aiko wannan?"

"Na Katsina ne, Malam," in ji Sista Hajaratu, ko ƙiftawa babu. "Ni ma tun safe jikina ya ba ni ba zazzaɓi kaɗai ba ne."

"Kira sauran ma'aikata, kowa ya zo ya ji. A kwafe takardar nan a manna jikin kabad ɗin magani. Ka ji rubutun wanda ya san aikinsa."

Barakatu ta ɗago kai tana neman 'yarta. Hamida ta riga ta sulale ta ƙofar baya, guntun takardar a dunƙule cikin hannunta. Ta jefa shi a kwandon shara, ta tafi nemo turmin daka ƙwaya.