Idon Barewar Banwari

A gidan malamin zane Guruji Gisalal da ke Udaifur ta ƙasar Indiya, ɗalibi yana iya zana ƙaho da kofato da kowane silin gashi, amma ido ba hurumin ɗalibi ba ne. Idan dabba ta kammala, sai a kai wa Guruji ya ɗiga mata ido da hannunsa. Haka ya gada, haka kowa ya tarar.

Banwari da girmanta ta shigo sana'ar, bayan ta aurar da 'yarta, kuma ta ji jiki. An daɗe ba a ba ta komai sai niƙan duwatsun launi da jan layi, kafin a yarje mata ta yi barewa. Damina guda ta cinye a kan barewar nan da ba ta kai tafin hannu ba, tana jera mata gashi da burushin jelar kurege, tana kifa takardar tana goge bayanta da dutse mai santsi har launi ya kwanta luf.

Ranar da ta gama, ta durƙusa ta taɓa ƙafafun Guruji, ta ɗora takardar a kan allon da ke cinyarsa. Tsohon ya lashi bakin burushi, ya tsoma a baƙin hayaƙin fitila, ya sunkuya. Hannunsa ko rawa bai yi ba. Ɗigon ya sauka a kumatun barewa, can ƙasa kusa da baki.

Banwari ta murje ido ta sake dubawa, gurbin idon na nan fari fat. Mutumin da ake cewa yana iya zana giwa a kan ƙwayar shinkafa! Ta waiwayi Hukum, babban ɗalibin gidan, tana jiran ta ga ya zabura. Ina! Ko gezau bai yi ba.

"Sai Guruji!" in ji Hukum. "Ai ta tashi, saura ta tsallake taga ta gudu."

Sauran ɗaliban suka ɗauka da yabo. Hukum ya matso ya raɗa mata, "Yaya, rufe bakin nan kada ƙuda ya faɗa. In ya shiga cin abinci zan ɗauke ɗigon da ruwa in sa wani. Kullum haka muke yi."

"Kullum?"

"Tun bikin Diwalin bara."

Wannan ya fi ɗigon girgiza ta. Ashe kowa ya san idon tsohon ya tafi, ita kaɗai ce baƙuwa a gidan.

Guruji ya ɗago kai. "Banwari, ban ji muryarki ba, ke da ko a wurin makoki ba kya rasa abin faɗi. Tana kallonki?"

Hukum ya take mata yatsan ƙafa. In ta ce e, za a gyara barewarta, kowa ya kwana lafiya. In ta ce a'a, ta tsiraita dattijo a gaban ɗalibansa. Ta so ƙwarai ta ce e, bakin ne ya ƙi.

"Ba ta kallona, Guruji. Idon a kumatu yake."

Tsohon ya ce, "Hukum, dokin da aka kai gidan likita fa? Da ɗawisun nan?"

"Mun gyara, Guruji."

"Kun gyara. Kuna ta tafa mini kamar birin da ake wasa da shi a kasuwa."

Banwari ta ji da ma ta haɗiye harshenta. Hawaye suka zubo mata, ta yi saurin tare su da gefen mayafi kada su ɗiga a takarda.

Guruji ya sa Hukum ya ɗauke ɗigon, aka jira wurin ya bushe. Sannan ya sake tsoma burushi, ya miƙa wuyan hannunsa gefen da ya ji shessheƙa.

"Zo nan, ke mai bakin nan. Kai ni wurin. In mun isa ki sake ni."

Ta kama hannun. Ta kai shi daidai gurbin, ta riƙe numfashi, ta saki. Ya ɗiga.

"Yanzu fa, 'yata?"

"Tana kallona, Guruji."

"To, ki kalle ta da kyau a madadina," in ji shi, yana lalubar kwanon ruwa don ya wanke burushi. "Ita ce ta ƙarshe, kuma ni ban gan ta ba."